Taƙaitawa: bin diddigin kuɗin gwamnatin tarayya

Jama'a, ga abin da na tsinto daga muhawarar da aka yi kan yadda za a bi diddigin kuɗin gwamnatin tarayya:

1. Kusan kowa ya yarda cewa ganin aiki a kasafin kuɗi ba ya nufin an saki kuɗinsa. A duba Open Treasury, shafin intanet na gwamnati da aka buɗe a 2019 don nuna kuɗin da ta biya.
2. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ma'aikatar gwamnati kwana 7 ta amsa takardar neman bayani. A adana kwafin da suka buga wa hatimi.
3. Ayyukan mazaɓu: a je wurin, a ɗauki hoto, in an ga matsala a kai wa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC.

Inda aka rabu: wasu sun ce a fara da rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi, wasu suka ce yana makara ainun. Ni dai ina tare da na biyun.