Oki ya raya kiɗan Ainu ne ko ya narkar da shi cikin rege?

Baban Sadiya: Jama'a, na saurari Oki Dub Ainu Band, ƙungiyar makaɗin nan Oki, ɗan ƙabilar Ainu ta arewacin Japan. Ana ta cewa shi ya ceci kiɗan kakanninsa. Ni dai rege na Jamaika na ji, an yayyafa masa tonkori kamar gishiri. Ina ceton yake?

Ummi: Kawu, a yi haƙuri, amma sai an tuna halin da ya tarar da tonkorin. Kayan kiɗa ne na Ainun tsibirin Sakhalin. Da Tarayyar Sobiyet ta karɓe kudancin tsibirin a 1945, akasarinsu aka kwaso su zuwa tsibirin Hokkaido na arewacin Japan, masu kaɗa shi suka yi ta ƙarewa, ya kusa zama kayan gidan tarihi. Oki ya dawo daga New York a farkon shekarun 1990, ya koya wa kansa ta hanyar sauraron tsofaffin muryoyin da aka naɗa.

Baban Sadiya: To ya tsaya a kan abin da ya ji mana, 'yata. Me ya kai shi Jamaika?

Mai Gurmi: Alhaji, bari in sa baki a matsayina na mai taɓa tsirkiya. Tonkori yawanci tsirkiya biyar gare shi, kuma ba a danne su da yatsa don a sauya murya, a sake ake kaɗa su. Saboda haka 'yan muryoyi kaɗan ne ke ta zagayawa suna maimaituwa. Shi ma salon dub, wani reshe na rege, a kan maimaici aka gina shi. Ba auren dole aka yi musu ba.

Hajiya Iya: Ni damuwata ba ta kiɗa ba ce. Yaron da ya tashi da wannan zai ɗauka haka kakanninsa suka yi. Mutanen da dokar Japan ta 1899 ta tilasta wa rayuwa irin ta Japanawa, harshensu ya kai gargara, sai a 2019 doka ta amince su 'yan asalin ƙasa ne. Ɗan abin da ya rage musu, a bar shi yadda yake.

Ummi: Hajiya, ai bai watsar da na asalin ba. Shi ya shirya faifan marigayiya Umeko Ando, gwanar upopo, wato waƙoƙin gargajiya na Ainu, kuma yana aiki da matan ƙungiyar Marewrew masu rera waƙa bi-da-bi irin ta dā.

Baban Sadiya: Wannan na yarda. Amma a wajen Japan wanne aka fi sani, upopo zalla ko mai gangar rege?

Mai Gurmi: Mai ganga, Alhaji. Ni ma ta nan na fara, daga baya na nemi Umeko Ando.

Hajiya Iya: Kai makaɗi ne, dole ka nema. Sauran fa?