Wane kaya ya kamata na ajiye a but saboda faci a hanya?

Abban_Sadiq:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka daɗe suna bin doguwar hanya. Watan jiya na sayi Corolla ta hannu, ƙirar 2008, kuma in Allah ya kai mu ƙarshen wata zan kai iyali biki Gashuwa, ni da maiɗakina da yara uku, ta Haɗeja da Nguru za mu bi. Ban taɓa yin tafiya mai nisa haka ina kan sitiyari ba, iyakata Zariya. Abin da ya tayar min da hankali shekaranjiya ne da daddare na taka ƙusa wajen Hotoro, ina buɗe but na tarar da safaya da jak amma wil sifana babu shi babu dalilinsa, ashe tun da na karɓi motar ba a saka ba ni kuma ban duba ba. Allah ya haɗa ni da wani mai adaidaita, shi ya je ya ɗauko min mai faci. To wannan a cikin gari ke nan, tun ranar nake ta tunanin in a daji ne fa, ga yara a mota ga magariba ta kawo jiki? Ku faɗa min abin da ya zama dole na saya, ba na son na cika but da tarkace kuma ba na son na rasa abu mai muhimmanci. Na gode.

Tsohon_Direba:

Wa alaikumus salam. Ƙanena Allah ya sanya alheri a mota ya tsare hanya. Na fi shekara ashirin ina haya tsakanin Kano da Maiduguri, to bari na faɗa maka gaskiya, abin da ya fi zaunar da mutane a bakin titi ba rashin jak ba ne, noti ne ya ƙi kuncewa. Za ka ga mutum da kayansa cif amma ya yi gumi sharkaf noti ɗaya ya gagare shi, saboda wancan ɗan guntun sifanan da ke zuwa da mota tsawonsa bai taka kara ya karya ba, su kuma yaran gareji in sun samu injin ɗaure noti mai iska sai sun ɗaure kamar ba za a sake kuncewa ba har abada.

Don haka in ka shiga Ƙofar Ruwa ka ce a ba ka wil sifana mai baki huɗu, wanda yake kamar alamar tarawa, yawanci yana zuwa da 17 da 19 da 21 da 23. Taka Corolla 21 ce, Honda 19, Golf 17, ka ga ko wani ka tarar a hanya za ka iya taimakonsa. Kar ka sayi mai sheƙin nan marar nauyi, bakinsa buɗewa yake ya cinye maka kan noti, in kan noti ya mulmule kuwa sai dai mai walda. Ka ɗaga ka ji nauyinsa, kuma ka fita da shi wajen motar ka gwada a kan notinka kafin ka biya kuɗi. Sannan ka nemi guntun fayif na ƙarfe mai kauri, tsawon kamu biyu haka, wanda hannun sifanan zai shiga ciki. Wannan fayif ɗin ni ban san sau nawa ya fitar da ni kunya ba wallahi.

Na biyu katako. Tunda ka ce Nguru da Gashuwa, ƙasar can rairayi ce, kana sauka daga kwalta jak zai fara nutsewa, kai kana ta murɗawa mota ba ta tashi shi yana shigewa ƙasa. Guntun katako mai kauri mai faɗin tafin hannu biyu ya isa, kowane kafinta zai yanko maka. Ka haɗa da waigi, ko na katako ne, kar ka dogara da cewa za ka tsinci dutse, akwai wurin da za ka yi ta yawo a can ba ka ga dutse ko ɗaya ba sai yashi da ƙaya. In tayar gaba ta dama ce ta sace, ta baya ta hagu za ka sa wa waigi, ka ja hambirki, in otomatik ce ka sa a P in mai giya ce ka bar ta a lamba ɗaya. Kuma ka sassauta notuna tun taya tana ƙasa kafin ka ɗaga, mutane da yawa nan suke kuskure, su ɗaga mota sannan su hau kokawa da noti har ta zame daga kan jak.

Maman_Ilham:

Malam duk abin da Baba ya faɗa haka ne, amma ni abin da ya taɓa cin mu daban ne. Muna dawowa daga Funtuwa da maigidana taya ta fashe, ya yi ta fama ya cire ya ɗaura safaya, ana sauke jak sai ita ma ta kwanta, ba iska a ciki ko kaɗan, ta fi shekara a but ba wanda ya leƙa ta. Mun fi awa biyu a wurin, ƙaramar tana ta kuka, sai da ya hau mashin da tayar zuwa ƙauyen gaba ya bar ni da yara, ranar na yi addu'ar da ban san adadinta ba. Tun daga nan muka sayi ɗan famfon nan na lantarki da ake jonawa inda ake cajin waya a mota, yana da geji a jikinsa. A hankali yake hurawa kuma yana ɗaukar zafi sai ana hutar da shi, a bar mota a kunne saboda batir, amma in ƙusa ce kawai take sace iska a hankali ba sai ka cire taya ba ma, ka hura ka lallaɓa zuwa wurin mai faci.

Ka duba kuma wace irin safaya ce a motarka. In 'yar siririyar nan ce, ita iskarta 60 ce ba irin ta sauran ba, kuma a jikinta an rubuta kar a wuce gudun kilomita 80, ta kai ka gari ce kawai. Da iyali da kaya a hanya mai ramuka ni dai da za ka ji tawa ka nemi cikakkiyar taya da rim ɗinta. Sai tocila irin wadda ake ɗaurawa a goshi, fitilar waya ba ta wadatarwa kuma cajin da za ka kira gida da shi take cinyewa. Da tsohuwar tabarma ko buhu na durƙusawa, da ruwa a jarka, kwalta da rana ba a iya dafa ta.

Oga_Mai_Faci:

Salam. Ni sana'ata ce wannan, shekarata goma sha huɗu ina yi. Ina da gyara kaɗan a maganar Baba direba, Allah ya ƙara girma, fayif na kuncewa ne kawai ban da ɗaurewa. Kullum sai an kawo min mota an hau kan sifana da ƙafa an yi tsalle har ƙarfen da noti ke hawa ya tsinke, ko zarensa ya lalace. Ƙarfin hannunka da sifana mai baki huɗu ya isa. Ka fara sa kowane noti da yatsu ya shiga lafiya, sannan ka ɗaure a tsallake, wannan sai na ɗaya gefen, ba bi da bi a zagaye ba, don rim ya zauna daidai. In ka sauke mota ka ƙara matsewa, in ka yi tafiyar kamar kilomita 50 ka tsaya ka sake bi.

Maganar jak kuma, mutane suna son na mai ɗin nan mai kama da kwalba don ba ya ba da wahala, amma Corolla a ƙasa take, in taya ta kwanta sau da yawa ba ya shiga ƙarƙashi. Na kamfani da ake murɗawa ya fi shiga, kawai ka tabbata hannunsa yana nan kuma ka shafa wa zarensa giris. Ka leƙa ƙasan ƙofa kusa da kowace taya za ka ga 'yar tsaga biyu a jikin ƙarfen, tsakaninsu ake kafa jak, in ka kafa a wani wurin bodi za ka lotsa. Kuma don girman Allah in ka ɗaga ka tura safaya a kwance ƙarƙashin motar, in ka cire tayar da ta yi faci sai ka musanya, ko jak ya zame mota a kan rim za ta sauka ba a kan ƙafarka ba. Kowa ya fito daga mota kafin a ɗaga, kuma kar ka taɓa shiga ƙarƙashinta tana kan jak.

Abu ɗaya da ba a ambata ba, ka duba ko akwai notin sirri a tayoyinka, wanda kansa ya bambanta da sauran. Motocin hannu da yawa suna zuwa da shi ba makullin, in haka ne ka je a cire maka shi tun a gari a sa na gama-gari. Sannan ka karanta shekarar taya, a gefenta bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu, biyun farko sati biyun ƙarshe shekara, misali 2319 sati na 23 ke nan a 2019. Tsohuwar taya 'yar Beljiyam ko zanenta na da kyau in ta sha zafin kwalta fashewa take ba sacewa ba, ita kuwa ba famfon da zai yi mata magani. Igiyar facin tubles, wato tayar da ba ta da tub a ciki, da allurarta ma ka iya saya, ba ta cin wuri, amma ka zo a nuna maka yadda ake yi tukuna, kuma a tsakiyar taya kaɗai take aiki, in gefe ne ya tsage sai dai canji.

Ɗan_Birnin_Gwari:

Ni abu ɗaya zan ƙara ɗan'uwa, wurin tsayawa. In taya ta sace a kan kwana ko gangare ko wurin da hankalinka bai kwanta da shi ba, kar ka tsaya, kunna sigina biyu ka ja a hankali har inda akwai mutane ko shingen jami'an tsaro. Taya za ta lalace, wataƙila har rim, amma ana sayensu a kasuwa. Ka riƙe si-koshin, alamar gargaɗin nan mai kusurwa uku, in da hali biyu, ka ajiye can nesa bayan motar ba dab da bamba ba, don tirela ba ta tsayawa nan take, ganyen da ake zubawa a titi kuwa da daddare ba mai ganinsa. Dama 'yan rod sefti suna tambayarsa tare da abin kashe gobara, lambarsu ta gaggawa 122 ce ka ajiye a waya. Yara su koma can gefe nesa da kwalta. Kuma ku yi sammako, kar dare ya same ku.

Tsohon_Direba:

Oga mai faci na karɓi gyara, gaskiyarka ce, mu mun saba da hawa kan sifana ne tun zamanin Fijo 504. Abban Sadiq abin da ya rage, ranar Asabar ka fito ƙofar gida ka cire taya ɗaya ka mayar da hannunka da kayan da ka saya, ka bi duk notunan ƙafa huɗun ka ga suna kuntuwa. Ka kira maiɗakinka ta tsaya ta gani ita ma.

Abban_Sadiq:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, wallahi na ƙaru. Yau da safe na yi yadda Baba ya ce. Safayar siririyar ce kamar yadda Hajiya ta faɗa, mai faci ya auna ya ce 18 ce a ciki, kuma noti biyu a tayar baya sun ƙi motsi sai da muka sa fayif. Notin sirri babu alhamdulillah. Na samu sifana da katako da si-koshin, famfo sai albashi ya shigo. Oga mai faci tambaya ɗaya, tayoyin gaba na ga 2021 ne amma na baya ɗaya 4116 aka rubuta, in na sayi sabuwa ɗaya zan iya mayar da waccan ta zama safaya ko na haƙura da ita gaba ɗaya?