"Mutuwa rigar kowa": ana faɗa wa uwar da ta rasa ƙaramin ɗanta?

Maman Ikram, Agege: Salamu alaikum jama'a. Yaron maƙociyata ɗan shekara 3 ya rasu ranar Laraba, da yamma yana wasa da yarana a tsakar gida, cikin dare zazzaɓi ya rufe shi ya fara jijjiga, kafin a samo keke a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Jiya wajen gaisuwa wata dattijuwa ta ce mata ki yi haƙuri 'yata, mutuwa rigar kowa ce. Sai ta ɗago ta ce "Inna, rigar ta yi masa yawa." Wlh ɗakin ya yi tsit. Nan ne wurin faɗar wannan karin maganar kuwa?

Alhaji Mai Tumatir: Allah ya sa mai ceto ne. Ni ban ga laifin dattijuwar ba, ma'anar ai ba ke kaɗai ba ce, kowa sai ya saka, babba da yaro. Haka muka taso muna ji.

Aunty Balki: Alhaji da girmanka amma ban yarda ba. Wannan magana ta masu rai ce, ana faɗa wa mai dariyar mutuwar wani ko wanda duniya ta ruɗe shi. Uwar da takalmin ɗanta ke bakin ƙofa har yanzu ai ta san kowa zai mutu, ba shi ne ciwonta ba, ciwonta shi ne ta zaci shi zai binne ta. Na rasa tawa tana wata 9, abin da ya fi ƙona min rai "ai yarinya ce, Allah zai ba ki wata", kamar an ce kofi na fasa.

Malam Sani, Idi Araba: Kuka dai ba rashin tawakkali ba ne. Da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake barin duniya yana jariri, idon Annabi ya zubar da hawaye har Abdurrahman bin Auf ya yi mamaki, Annabi ya ce masa wannan rahama ce. Yana cikin Bukhari. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufa da marin fuska.

Alhaji Mai Tumatir: Toh na ji, amma in ba a faɗi wannan ba me za a ce? Shiru za a yi?

Aunty Balki: Eh Alhaji, addu'a sannan shiru. Kuma ku tuna nan Legas ne ba gida ba, a gida da gwaggo da kaka suna kwana da ita, nan kuwa kwana uku an watse, miji ya koma kasuwar Mile 12 tun asuba don kuɗin haya ba ya jiran makoki, a bar ta ita ɗaya da kayan yaro a ɗaki ɗaya. Maman Ikram ki dinga shiga ko ba ki da abin cewa, in ta ambaci sunansa kar ki kawar da zancen.

Maman Ikram, Agege: Na gode Aunty. Mahaifiyarta ta taso daga Katsina, sai gobe za ta iso. Yanzu na dama kunu zan kai mata, tun Laraba ruwa kawai take sha.