Furotin ƙirar ɗakin gwaji: me ke sa ya kunna risefta ko ya kashe ta?

Ɗalibar Samaru: Salamu alaikum malamai. Furotin biyu sun kama risefta (furotin mai karɓar saƙo) ɗaya a fatar tantani, ɗaya ya kunna ta, ɗayan ya kashe. Ina bambancin yake?

Malamin Bayokemistiri: Wa alaikumus salam. Kamawa daban, kunnawa daban. Riseftar IL-2 (saƙon garkuwar jiki) ko EPO (saƙon yin jajayen ƙwayoyin jini), sai sassanta sun haɗu a kusurwar da ta dace kafin JAK, furotin da ke isar da saƙon cikin tantani, ya motsa. Furotin mai hannu ɗaya, wato mai kama sashe ɗaya, toshe wurin kawai yake yi, mai hannu biyu ke haɗa sassan. Misali, furotin Neo-2/15 da ɗakin gwajin David Baker ya fitar a 2019 yana kama sassan beta da gamma na riseftar IL-2 ya haɗa su, ya ƙyale sashen alfa.

Ɗan Tudun Wada: GPCR kuwa, wani babban rukunin risefta, maganar sura ce. Nanobodi, ƙaramin yankin antibodi wanda ake samu daga dangin raƙumi, nauyinsa kusan kilodalton 15 ne, yana shiga lungu ya riƙe risefta a surar kunne ko ta kashe.

Mai Benci: Ƙanwata, kula da awo. Jera yawan furotin ɗin daga nanomola 0.01 zuwa 1000, ninki goma-goma. Mai hannu biyu in ya yi yawa, kowane sashe ya samu nasa, haɗuwa ta ragu, sigina ya faɗi. Mai hannu ɗaya kuma in ya dunƙule, sai ya kunna abin da ya kamata ya kashe, don haka tace shi da kwalam na jel mai raba furotin bisa girma. Raba shi ƙanana kafin firiza. Yadda wutar Zariya take, narkewa da sake daskarewa na dunƙula shi.