Bayan kwamfuta ta farka: direba ya mayar da abin da ya ajiye, ko ya soma daga tushe?

Malam Habu: 'Yan uwa, ga inda na tsaya kan direba, wato manhajar da ke sarrafa wata na'ura a cikin kwamfuta. Direban da ke kwafe rajistocin na'ura (ƙananan wuraren da take riƙe saitinta) kafin barci don ya mayar da su bayan farkawa, wahala yake jawo wa kansa. A yanayin S3 na ƙa'idar ACPI mai tsara wutar kwamfuta, wato barcin da aka saba, RAM (ma'ajin aikin da ake ciki) ake bari da wuta, sai ɗan abin da zai tada kwamfutar. Katin Wi-Fi da na sauti, galibi an yanke musu wuta, sun mance komai. To a ɗauke su kamar yanzu aka kunna kwamfutar, a bi hanyar da ake bi kullum, wadda aka fi gwadawa.

Injiniya Zainab: Malam, a gafarce ni, ban yarda ba. Na'urar ta mance, amma manhajojin da ke amfani da ita ba su mance ba, suna nan a RAM suna jiran su ci gaba daga inda suka tsaya. Dubi katin hoto mai nasa ma'ajin. Wuta na yankewa abin da ke ciki ya tafi. In direba bai kwashe shi zuwa RAM tun kafin barci ba, babu wani somawa daga tushe da zai dawo da shi.

Auwalu: Manya, ni fa na ɗauka Windows ko Linux ne ke duk wannan aikin.

Injiniya Zainab: Su jerin layi suke tsarawa, Auwalu. A Linux ana kwantar da abin da ke maƙale a USB kafin mai kula da USB ɗin, shi kuma kafin gadar PCI da yake kai (PCI ita ce hanyar da katuna ke haɗuwa da kwamfuta). Wajen farkawa sai a juya. Sashen PCI yana adana saitin da duk katuna suka yi tarayya a kai, amma cikin katin direbansa kaɗai ya san shi. Kuma a Windows, direban da ya riƙe umarnin barci ya ƙi saki yakan jawo shuɗin allon nan mai lamba 0x9F.

Malam Habu: Na ba ki katin hoto, Injiniya, wannan bayanan mai amfani ne. Ni rajistoci nake nufi. Wasu rubuta musu kawai ake yi, ba sa karantuwa. Wasu kuma karanta su ma yana goge abin da ke ciki. Yaya za ki kwafe irin waɗannan? Ga kuma S4, inda ake zuba RAM a faifai a kashe komai. Kafin a dawo da tsohon yanayin, BIOS (manhajar da ke fara tada kwamfuta) da tsarin da ya tashi sun riga sun taɓa na'urar, direba bai san yadda suka bar ta ba.

Malam Nuhu: Ai ba daga na'urar ya kamata a kwafa ba. Direba ya riƙe lissafin duk abin da ya rubuta mata a RAM. In ta farka ya sake saita ta, sannan ya zuba mata lissafin. Abin da sashen da ake kira regmap ke yi ke nan a Linux, direbobin sauti da yawa a kansa suke.

Malam Habu: Wannan na amince da shi, domin bai dogara da na'urar ba.

Injiniya Zainab: Har yanzu da saura. Ku duka barcin dare kuke tunani. Tun Windows 8, a 2012, aka shigo da barcin da kwamfuta ba ta barin S0, wato yanayin aiki, kuma ko ana tsaka da aiki na'urori suna kwanciya suna tashi a kai a kai don ceton batir. In kowane tashi sai an sake loda wa katin Wi-Fi manhajarsa ta ciki, jinkirin zai fito fili, wutar da aka so tanadi ma ta tafi. Shi ya sa aka raba kwanciyar na'ura gida biyu, D3hot da D3cold: a na farkon akwai sauran wuta, kuma katin PCI yana da alamar da ke nuna ko yana riƙe saitinsa. Direba ya duba kafin ya rushe abin da bai lalace ba.

Malam Habu: Alamar tana faɗin abin da katin zai iya ne, ba ta hana BIOS yanke masa wuta gaba ɗaya a S3 ba. A ɗan kwanciyar tsakar aiki zan iya sassautawa. Bayan S3 ko S4 kuwa, ina nan a kan bakana.

Auwalu: To Injiniya, in direba ya duba ya ga kamar saitin na nan, alhali rabinsa ya tafi, ta yaya zai gane?