Abincin gidan ibadar 'yan Buddha a Koriya: in je ko in haƙura?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Admin a ɓoye sunana don Allah. Sati biyar ke nan ina Seoul, kwas ɗin wata uku, wanda tun bara ya kamata in zo aka ba wata, ban ce komai ba, Allah ya gani. Tun da na sauka daga burodi sai ƙwai sai ayaba, siket har ya fara zamewa. Akwai abincin halal a unguwar Itaewon kusa da babban masallaci, amma kafin in canja jirgin ƙasa biyu yunwar ta gama da ni. To wata 'yar ajinmu 'yar ƙasar ta ce mu je mu kwana ɗaya a gidan ibadarsu na kan dutse, wai templestay. Ta ce ba nama, ba kifi, ko tafarnuwa ba sa sawa. Na ce mata to, yanzu kuma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Alhaji Mai Kwantena: Ƙanwata kada ki je. Shekara 11 ina zirga-zirgar Guangzhou. Mutanen can ko ruwa suka dafa sai sun ɗiga man alade.

Maman Biyu: Alhaji, Guangzhou ai China ce. 'Yar uwa, ni na je. Tun 2002, lokacin Kofin Duniya, suka buɗe wa baƙi. Kwano huɗu aka ba mu: shinkafa, miyar daddawar waken suya, ganyaye, ɗaya na ruwa. Ba a magana, ba a barin ko ƙwaya ɗaya. In kin gama ki zuba ruwa, ki goge kwanon da yankin radish (wata saiwa mai kama da karas), ki cinye, ki shanye ruwan. Nan ne na kusa kasawa. Kimchinsu ma, wato kabejin da suke tsimawa da barkono, ba ruwan kifi ko jatan lande irin na gari. Da asuba dai suna ibada, akwai sunkuyo 108 gaban gunki, ni ɗakina na zauna, ba wanda ya kula ni.

Alhaji Mai Kwantena: Hajiya, duk kanwar ja ce. Sunkuyo 108 kika ce fa!

Ummu Khairat: Ku dai kuna da sa'a. Ni da muka fita waje maigida bai bar ni na ɗanɗana komai ba, sati biyu ina girki a rice cooker a otal, ya zo yana cewa ya kai ni hutu.

Ɗalibi a Busan: Anti, matsalar ba naman ba ce. Wasu gochujang na kamfani, wato tsimammen markaɗen barkonon da suke sawa a abinci, ana sa musu sinadarin giya. Ki tambaya ko nasu na gida ne, kuma ko an fara ajiye abincin gaban gunki. Sauran ki kai wa malami.

Mai tambaya: Ni fa ban ce zan sunkuya wa kowa ba. Kuma na riga na biya kuɗin, ga yarinyar nan ita ta kai ni asibiti da ulsa ta tashi. Da wane ido zan ce mata na fasa?

Maman Biyu: Ulsa? Ba ki faɗa ba ai! To ki nisanci kimchin.

Alhaji Mai Kwantena: Kin riga kin yanke ke nan, shaida kike nema. Nawa kika biya? Sardin ɗin gwangwani nawa zai saya?

Ummu Khairat: 'Yar uwa yaushe za ki dawo? Akwai wani man fuska da nake so.