Neman kalmar Hausa: RPM gudun inji ne ko juyin inji?

Mai tambaya: Jama'a, barkanmu da war haka. Ina neman sunan da za mu riƙa kiran RPM da shi, wato lambobin nan 1, 2, 3 har zuwa 10 ko 12 da ke jikin agogo na biyu a manyan babura, da x1000 a ƙasansu. Na ga wasu na rubuta "gudun inji", ni kuwa bai kwanta mini ba. Ka sa babur a firi, ka murɗa totur, allura ta haura 6, babur bai gusa ko taku ɗaya ba. Wane gudu aka yi? Bahaushe in ya ji gudu, titi yake hangowa.

Makaniken babur: Malam, mu a gareji wuta muke cewa. Ba shi wuta, rage wuta, wutar ta yi yawa. In kuma yana aiki a tsaye ba a taɓa totur ba, silo ke nan. Boxer ɗin da ake kawo mana kullum ma ba shi da wannan agogon, da kunne muke saita shi.

Mai tambaya: Oga, a baki wuta ta zauna, babu mai tayar da ita. Matsalarta ba ta ƙirguwa, kuma aikinta ya yi yawa: wutar fulogi, wutar batir, wutar fitila. In na rubuta "wuta 6,000" wa zai gane? Abin da allurar ke ƙirgawa shi ne sau nawa karanshaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin inji, ya juya cikin minti ɗaya. Tana kan 6, sau 6,000 ke nan, wato sau 100 a daƙiƙa guda. A irin injin Boxer kuwa fetur sau ɗaya yake ƙonewa a duk juyi biyu, saboda haka a wannan daƙiƙar wuta ta kama sau 50, karanshaf ya juya sau 100. Ko a lissafi ba abu ɗaya ba ne. Ni shawarata "juyin inji", a ƙirga shi da "juyi a minti".

Malamin makaranta: Na goyi bayan juyi a kan zagaye da wasu za su kawo. Zagaye sai da abin da ake zagayawa, kamar yadda duniya ke zagaya rana. Karanshaf a inda yake yake juyawa. Kada kuma wani ya ce juyi zai rikice da juyin mulki, don harafin R na RPM ɗin ma daga "revolution", kalmar da Bature ke kiran juyin juya hali da ita, aka ɗauko shi, kuma ba a taɓa jin makanikensu ya ruɗe ba.

Direba daga Maraɗi: Mu nan takardun da ke zuwa da Faransanci tr/min suke rubutawa, agogon kuma compte-tours, ma'anarsa mai ƙirga juyi. To juyi ya yi mana daidai, ba sai mun sake koyo ba.

Mai tambaya: Madalla. Saura agogunan su kansu. Kowa mita yake cewa, amma mita ta yi mana yawa a Hausa: ta awon tsawo, ta wutar lantarki, ta tashar rediyo, ga kuma mitar da ake yi wa yaro in ya dawo da babur tanki a bushe. Sai an jingina ta da wani abu take fita: mitar gudu, mitar juyi. A rubutu kuwa na fi son ma'aunin gudu da ma'aunin juyi, tunda ma'aunin zafi ya riga ya share mana hanya.

Amma ga inda nake so mu tsaya. Ma'aunin gudu bai taɓa auna gudu ba. Shi ma juyi yake ƙirgawa, sai dai na taya. A ƙananan babura kebur ne ke tasowa daga cibiyar tayar gaba zuwa bayan agogo, yana juya wani ɗan maganaɗisu a cikin ƙoƙon alminiyam. Maganaɗisun na jan ƙoƙon ba tare da ya taɓa shi ba, wani siririn sifirin na riƙe shi, allura kuma a jikin ƙoƙon take. Dabarar tsohuwa ce, wani Bajamushe, Otto Schulze, ya yi mata rajista tun 1902. Taya mai lamba 3.00-17 tana shafe kusan mita 1.85 a juyi ɗaya, to in ana tafiyar kilomita 60 a awa, juyinta wajen 540 ne a minti. Juyi 540 ɗin nan kawai agogon ya sani. Kamfani ne ya rubuta 60 a wurin, bisa zaton tayar da ya saka ce har yanzu a jiki.

Tsakanin juyin inji da juyin taya kuwa akwai kuloci, akwai giya, akwai sarƙa da fayafayenta biyu masu haƙora. Shi ya sa juyi 5,000 a giya ta ɗaya zai ba ƙaramin babur abin da bai wuce 20 da ɗoriya ba, a giya ta huɗu kuma ya kai shi wajen 60. In mun kira duka biyun gudu, ta yaya za mu faɗi wannan jimlar?

Makaniken babur: Nan kam na yarda, Malam. Mai babur zai zo ya ce inji na gudu amma mashin ba ya gudu. Ina jin haka na san filet ɗin kuloci ya cinye: kuka na ƙaruwa, tafiya ba ta ƙaruwa, musamman in ya ɗauko buhu ya nufi hawa. Da zai ce juyi na hawa, gudu ba ya hawa, da ya gama yi mini bayani. Sai batun faifan sarƙa. Yara na cire na gaba mai haƙori 14 su sa mai 15 don a samu tafiya a dogon titi. Wannan na taɓa mita?

Mai tambaya: Ya danganta da inda mitar ke ɗaukar labari, Oga. Daga 14 zuwa 15 ƙarin kusan kashi 7 cikin 100 ne: a juyin inji iri ɗaya babur zai ƙara gudu da kashi 7, sai dai ƙarfin tashi ya ragu. In kebur ɗin daga tayar gaba yake, babu ruwan mita da sarƙa, za ta ci gaba da faɗin abin da ta saba. Amma manyan babura da dama daga akwatin giya suke ɗaukar lissafi, kuma su canjin haƙori na sa mitar ta nuna ƙasa da yadda take nunawa da kusan wannan kashi 7 ɗin. Taya ma haka. Wadda ta cinye ko aka sa ƙarama tana yawaita juyi, mita ta ƙara. Babba kuma mita ta rage.

Ko sabon babur da gangan ake sa mitarsa ta ɗan ƙara. Ƙa'ida ta 39 ta hukumar tattalin arzikin Turai ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana ma'auni ya nuna ƙasa da ainihin gudu, amma ta ba shi damar haurawa da kashi 10 cikin 100 da ƙarin kilomita 4. Mai tafiyar 80 mitarsa na iya nuna har 92 ba ta yi laifi ba. Duk mai cika baki cewa ya taka 120 da babur ɗinsa, a rage masa wani abu kafin a yi masa tafi. Wannan bambancin shi ma yana buƙatar suna.

Malamin makaranta: Ba sai mun je nesa ba, kasuwar hatsi ta ba mu. Mudu ko a cika shi ya yi tozo, ko a tauye shi. Mu ce "ƙarin mita" in ta haura gaskiya, "tauyen mita" in ta gaza. Na biyun ne abin tsoro, tunda ƙa'idar hanya a Najeriya kilomita 50 ta ba babur, mai tauyen mita kuwa zai wuce haka yana ganin yana kan daidai.

Direba daga Maraɗi: Wanda ke son sanin halin tasa, ya buɗe GPS na waya a miƙaƙƙen titi, ya riƙe gudu ɗaya na ɗan lokaci ya kwatanta. In babu waya, ya samu abokin da zai duba masa agogon hannu daga alamar kilomita ɗaya zuwa ta gaba. A kan 50 na gaskiya, daƙiƙa 72 zai ɗauka.

Makaniken babur: Juyin inji na karɓa, tauyen mita ma zan gwada wa yarana. Amma lambobin nan na ƙasa masu ƙirga nisan da babur ya yi tun yana sabo, kada ku wahalar da kanku. Mai saye da dillali duk kilomita suke ce musu, "nawa kilomitarsa ta nuna?" Kuma kafin ka yarda da su, Malam, leƙa gindin tayar gaba ka ga ko kebur ɗin na nan, don da yawa sun tsinke tun tuni ba a mayar ba.